Yaron da ba ya cin miya: yaya za a yi da shi a gidan abinci?

Bayan sallar magariba gidajen abinci na Maraɗi da Yamai sukan cika da iyalai, musamman a ƙarshen wata in albashi ya shigo hannu, ko ranar da ɗan kasuwa ya yi baƙo daga Kano ko Kwatano yana son ya girmama shi. Duk wanda ya saba zama a irin waɗannan wurare ya taɓa ganin wani tebur da ke fita daban. An kawo shinkafa da miyar nama, an kawo gasasshen zabo, kowa ya wanke hannu, amma yaro ɗan shekara huɗu ya ja kujerarsa baya ya toshe hanci. Uwar ta matso masa da faranti, ya kau da kai. Uban ya yi murmushin dole, ya ce ya ci ko loma guda saboda baƙo. Da cokali ya isa bakinsa sai ya fara yunƙurin amai, idanunsa suka cika da ƙwalla. Teburan da ke kusa duk suka juyo. Baƙo ya ce, Alhaji a ƙyale shi, sha'anin yara sai haƙuri. Aka ƙarasa cin abincin ba daɗi, aka biya kuɗin farantin da ba a taɓa ba, aka fita.

Sauran maganar a cikin mota ake yin ta. Maigida ya ce uwar ce ta sangarta shi, ita kuma ta yi shiru don ta gaji da bayani. Da aka isa gida aka zuba wa yaron farar shinkafa, ba mai ba miya, ya cinye faranti biyu ya yi barci. Ga maigida wannan ya isa shaida cewa da gangan yaron ya kunyata shi.

Hukuncin da jama'a ke yankewa a nan ba ya wuce kala uku. Wasu su ce sangarta ce, bulala ce maganinta. Wasu su ce yunwa ce ba ta kama shi ba, a bar shi ya wuni zai ci ko dutse. Tsofaffi kuma su fara zancen kambun baka ko iska, a nemo rubutu da hayaƙi. Ba abin mamaki ba ne mutane su tsananta. A ƙasar da ta ga 1973 da 1984 da 2005, inda kusan kowane gida yake da labarin shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin damina, yaron da ya ture tuwo kamar ya yi wa ni'imar Allah butulci ne. Sai dai akwai yaran da wannan hukunci bai dace da su ba, kuma likitoci sun daɗe da gane haka.

Baki ba ɗaya ba ne

A shekarar 1931 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani farin gari mai suna PTC cikin kwalba, sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya yi ƙorafin ɗaci a baki. Shi Fox, wanda ya fi kusa da garin, bai ji komai ba. Da aka gwada mutane da yawa sai aka ga a Turai kusan mutum 3 cikin 10 ba sa jin wannan ɗaci ko kaɗan, alhali wasu ba sa iya jure shi. A 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wannan bambanci. Irin sinadarin nan yana da dangi a cikin kabeji da ganyaye masu kama da shi. Ashe in Bahaushe ya ce abincin wani gubar wani, bai yi ƙari ba: mutum biyu na iya cin loma daga tasa guda, harshensu ya kai wa ƙwaƙwalwa labari iri biyu.

Amma ga yawancin yaran da ake magana a kansu, ɗanɗano ba shi ne babbar matsala ba. Yadda abinci yake taɓa harshe da dasashi da yatsu shi ne ke tayar musu da hankali, kuma abincinmu ya tara irin waɗannan abubuwa. Miyar kuka da ta kuɓewa da lalo da karkashi duk yauƙi ne da su. Abin da ke sa babba santi shi ne ke sa wannan yaro jin kamar an zuba masa majina a baki. Fura in ba ta damu sosai ba tana da gudaji, kuma guda ɗaya tak a cikin ludayi ya isa ya sa yaron ya amayar da duk abin da ya sha. Dambu yana wargajewa a baki kamar yashi. Nama yana da jijiya da kitse da ba a san inda za a ci karo da su ba. Daddawa tana da wari tun daga ƙofar gida. Tuwo da miya kuwa sun haɗa abu biyu masu bambancin laushi a loma guda, kuma da hannu ake ci, ga yaron da ba ya son komai ya manne masa a yatsa.

In aka duba abin da irin waɗannan yara suke yarda su ci, za a ga kusan jerin guda ne a ko'ina: farar shinkafa, burodi, taliya ba miya, biskit, soyayyen dankalin Turawa, madara. Mutane na cewa ai abincin ƴan gata ne ya zaɓa. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa canzawa. Biskit na yau daidai yake da na jiya, amma mangwaro guda yana da zaƙi, na biyu tsami, na uku zare. Miyar Hajiya ta yau ba ita ce ta gobe ba. Yaron yana neman abin da bakinsa ya san yadda zai kasance kafin ya shiga.

Ya kamata a raba abu biyu. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna gudun abincin da ba su sani ba, wannan ɗabi'a ce ta girma, kuma takan wuce da kanta. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba shi suna a kundinsu na 2013, suka kira shi ARFID, wato ƙin abinci ko taƙaita shi har ya cutar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022. Ana ganinsa ta fuska uku: yaron da laushi ko wari ko kamannin abinci ke damu, yaron da ba ya jin sha'awar ci gaba ɗaya, da wanda ya taɓa shaƙewa ko amai mai tsanani har tsoro ya kama shi. Ba a kiran abin cuta sai ya hana girma, ko ya jawo ƙarancin sinadaran jiki, ko ya hana yaro zama cikin mutane. Kuma ba a lissafa yaron da bai ci ba don babu abincin a gida. Wannan wani ciwo ne dabam da ƙasar nan ta fi sani.

A 2023 masu bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin suka duba tagwaye kusan 17,000, ƴan shekara 6 zuwa 12, suka gano cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 79 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara a wannan matsala. Maigidan da ke ɗora wa uwa laifi a cikin mota, da zai tambayi tsohuwarsa, ba mamaki a ba shi labarin wani yaro da aka sha fama da shi kan miyar kuka shekara arba'in da suka wuce. Matsalar ta fi yawa ga yara masu otizim, waɗanda sau da yawa ƙara da haske da taɓawa ke damunsu fiye da kima. Tun a 1943 likita Leo Kanner ya ambaci wahalar ciyarwa cikin yaran da ya fara bayyana wannan hali a kansu. Amma ba kowane mai tsandar abinci ne yake da otizim ba, nesa da haka.

Ɗura da bulala

Maganin gargajiya ga yaron da ya ƙi ci sananne ne. A kwantar da shi kan cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, a kwarara koko. Ɗura ke nan, kuma iyaye mata da dama za su rantse da ita aka raya su. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi a kanta, don yaron da ke kuka yana neman numfashi, kokon na iya bin hanyar iska ya sauka cikin huhu, daga nan sai ciwon huhu, wani lokaci ma rai ya tafi nan take. Ga yaron da bakinsa ke da saurin ji, ɗura tana ƙara wani abu: tana koya masa cewa cokali abokin gaba ne. Wanda a da miya kaɗai yake ƙi, bayan ɗura sai ya fara gudu da ya ga an ɗauko kwano.

Ko matsi na fatar baki ma bai cika biyan buƙata ba. A 2006 ƙungiyar Leann Birch a Amurka ta yi gwaji da ƙananan yara da romo: wasu ranaku ana ta ce musu su shanye, wasu ranaku a ƙyale su. Romon da ba a matsa musu a kansa ba shi suka ƙara sha da tafiya ta yi nisa, wanda aka matsa kuwa shi suka fi kushewa. Ita dai wannan malama ce tun farkon shekarun 1980 ta nuna cewa yaro na saba wa da sabon abinci ne ta hanyar haɗuwa da shi sau da yawa cikin kwanciyar hankali. Adadin da aka fi ambata shi ne sau 8 zuwa 15 ga yaro mai lafiyar baki, ga mai wannan matsala kuwa ya fi haka nesa. Uwar da ta gwada sau uku ta ce ba ya so, ba ta ma fara ba.

Zancen a bar shi da yunwa shi ne mafi haɗari. Yaro mai sangarta in ya ji yunwa zai ci. Wannan kuwa yana iya wuni ya kwana, jikinsa ya yi laushi, bai taɓa tuwon ba, kamar yadda babba ba zai ci abin da yake ƙyama ba don kawai an hana shi kalaci.

Ga wanda ke jin kunyar idon jama'a, akwai abin tunawa daga malamai. An ruwaito cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa. Da aka tambaye shi ko haramun ne, ya nuna ba haramun ba ne, abin dai babu shi a ƙasar mutanensa kuma ransa bai karɓe shi ba. Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Ba a zargi wanda ya ci ba, ba a zargi wanda ya bari ba.

Kafin a fita, da bayan an zauna

Wasu iyaye, bayan an kunyata su sau biyu ko uku, sai su yanke shawarar barin yaron a gida duk lokacin da za a fita. Ana fahimtar dalilinsu, amma shawara ce mai tsada. Ɗan ɗan kasuwa wata rana zai bi ubansa Kano ko Lome, ɗan ma'aikaci zai bi iyayensa duk garin da aka tura su aiki, kuma a ƙasar Hausa ciniki da zumunci duk a bakin tasa ake ƙulla su. Yaron da bai koyi zama inda ake cin abinci ba an rufe masa ƙofofi da yawa. Abin da ake nema a gidan abinci shi ne ya iya zama cikin mutane hankali kwance. Koyon sabon abinci aikin gida ne, ranar da ba baƙo ba ƴan kallo.

Saboda haka aikin yana farawa tun ba a bar gida ba. Kada a fita da shi cikinsa wayam da fatan yunwa za ta taimaka, don yunwa da gajiya ƙara masa saurin fushi suke yi. A ba shi ɗan abin da ya saba ci, a kuma ɗauki wani a jaka, ko burodi ne. A faɗa masa inda za a je, wa za a tarar, da abin da za a kawo masa, a kuma yi masa alkawarin ba wanda zai sa masa abu a baki. In an yi alkawarin a cika shi, ko da baƙon gwamna ne.

Wurin zama yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Gidajen abincinmu da yawa sun haɗa hayaƙin gashi da talabijin mai ƙara da injin wuta a fili guda. Babba ba ya lura, amma yaron da hancinsa da kunnensa suka riga suka cika, bakinsa ba zai buɗe ba. Tebur na gefe, nesa da murhu da lasifika, a lokacin da mutane ba su yi yawa ba, ya kan raba rabin rigimar. Gara kuma a riƙa komawa wuri guda da ya sani maimakon a yi ta canzawa.

Sai maganar mai kawo abinci. Al'adar kuku ita ce ya malala miya bisa shinkafa, ya yayyafa albasa da yaji, don a ganinsa haka ne girmama mai saye. Dole a faɗa masa dalla-dalla: shinkafa fara a faranti dabam, miya a ƙaramin kwano, kada a sa komai a kai. In an yi kuskure aka zuba, kwashe miyar da cokali ba ya gyara komai, don ga yaron duk farantin ya ɓaci. A nemi wani kawai, ƴan dalolin da za a ƙara ba su kai darajar daren ba. A nemi a kawo nasa da wuri. A ajiye masa cokali da ruwa da ƙyallen goge hannu kusa. In ana son a gwada wani abu, a sa ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa a wani faranti na gefe, a ci gaba da hira, kada a zuba masa ido. In ya shinshina ko ya taɓa da yatsa, an samu ci gaba, kuma ba sai an yi guɗa ba. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta tsara wannan rabon aiki tun shekarun 1980: iyaye ne ke zaɓar abin da za a kawo da lokaci da wuri, yaro ne ke da ikon ko zai ci da kuma yawan da zai ci.

Gidan suna da gidan biki sun fi gidan abinci wuya, don a can ba kuɗi ake biya ba balle a yi umarni. Tire guda ake ajiye wa yara, an riga an kwarara miya, ga gwaggo da inna kowa da nata magani. Nan uwa ita kaɗai ba za ta iya ba; in ta ce ɗanta ba ya cin miya za a ce iyayi ne, a kuma yi da ita bayan ta tafi. Maganar maigida ce ke da nauyi. In shi da kansa ya faɗa wa mai masauki tun da wuri cewa yaron yana da lalurar baki, likita ya hana a matsa masa, a taimaka a ɗebar masa fara kafin a zuba miya, ba wanda zai ja. Mutanenmu suna girmama lalura, abin da ba sa yafewa shi ne raini. In kuma abin ya ci tura yaron ya fara kuka, a fita da shi waje ya sha iska na ɗan lokaci, ba a matsayin horo ba.

A gida, hanyar da masu wannan aiki suke bi ita ce a tashi daga abin da yaro ya yarda da shi a matsa taku ɗaya. Mai cin soyayyen dankalin Turawa a gwada shi da soyayyar doya da aka yanka daidai irin wancan yanka, daga nan dankalin Hausa, daga nan ƙosai. Mai cin farar shinkafa a ɗiga mata mai kaɗan, bayan makonni a haɗa da wake ƙwaya biyar. Kada a ɓoye masa abu cikin abincinsa. Ranar da ya gano, har abin da yake ci zai daina amincewa da shi.

Lokacin da abin ya wuce tebur

Akwai inda haƙuri kaɗai ba ya isa. A 2019 likitoci a Biristol ta Ingila suka ba da labarin wani saurayi ɗan shekara 17 da ya yi shekaru ba ya cin komai sai soyayyen dankali da farin burodi da ɗan sarrafaffen nama. Jikinsa bai rame ba, don haka ba a ɗauki abin da zafi ba, har ƙarancin bitamin B12 da wasu sinadarai suka lalata jijiyar idonsa, ganinsa ya tafi ba dawowa. Cikar ciki ba ita ce ƙoshin jiki ba. Yaron da ke rayuwa kan shinkafa da biskit yana iya rasa sinadarin ƙarfe jininsa ya ragu, ko ya rasa bitamin A dundumi ya kama shi.

Alamun da ke cewa a tafi likita su ne: nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa, abincin da yake ci yana ƙara ƙaranci maimakon yawa, ya bar nama da wake da ganye da ƴaƴan itace gaba ɗaya, yana shaƙewa ko tari in yana haɗiya, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Ga ɗan wata 6 zuwa 59 akwai awon damtse da ake yi a kowace likitar unguwa: ƙasa da milimita 125 tamowa ta fara, ƙasa da 115 ta yi tsanani. Haka nan yaron da a da yake cin komai sai kwatsam ya daina, wannan ba tsandar baki ba ce. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ciwon haƙori ko miki a baki su ake fara nema.

Mai zuwa ganin likitan yara ya tafi da katin awon yaron tun na jarirantaka, da takarda da aka rubuta duk abin da ya ci da abin da ya ƙi cikin kwana bakwai, da yadda ya yi lokacin da ya ƙi: kau da kai ne, kuka ne, ko yunƙurin amai. Da wannan takarda likita zai fara aiki, kafin ma ya ɗora yaron bisa sikeli.